Matar da Ta Ce Gara Ce

A Dandin Mahe na yi ƙuruciyata, a gidan kakata ta wajen uba, Kaka Ige. Bayan girbi, idan an gama cin tuwo an wanke hannu, ba ta barin wutar murhu ta mutu. Sai ta tura karan gero, ta aza kasko da yashi, ta zuba gyaɗa. Ƙamshin nan shi ne kiranmu. Mu jikokinta biyar da 'ya'yan maƙwabta sai mu kewaye ta, kowa na neman wurin da hayaƙi ba ya bi.

Ba ta buɗe gatana yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Cewa take, "Baƙuwa ta iso daga nesa, wa ka ba ta wurin zama?"

Mu amsa da ƙarfi, "Mu ka ba ta!"

Labaranta na namun daji suna da yawa, duk masu ban dariya, har da kwaikwayon muryar kowace dabba. Amma akwai guda ɗaya da babu dabba a ciki, babu waƙa, kuma ba ta kallon kowa in tana ba da shi. Kasko take kallo.

Wai wasu maƙwabta ne mata biyu, katanga ɗaya ta raba su. Wata shekara ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba. Ɗayar za ta bi mijinta cin rani, sai ta kawo wa maƙwabciyarta tulu cike da irin gero, an liƙe bakinsa da laka. Ta ce ta ajiye mata har ruwan fari, domin shi kaɗai suka mallaka na shuka. Matar ta karɓa, ta sa a ƙarƙashin gado. Yunwa ta yi tsanani, har aka koma tonon gidan tururuwa ana neman ƙwaya. 'Ya'yanta uku, ƙaramar ta rasu. Kwana biyu bayan haka ta fasa lakar, ta riƙa ɗibar tafi ɗaya tana dama wa sauran biyun kunu, har tulun ya ƙare. Da hadari ya fara haɗuwa mai tulu ta dawo, sai matar ta nuna mata shi wayam ta ce gara ce ta shiga ta cinye. Gonar su mai tulu ba a shuka ta ba a wannan damina. Suka kwashe kayansu suka bar garin, ba a sake ganinsu ba.

Nan take tsayawa. Sai ta juya gyaɗa ta ce, "To, ƙaƙa za a yi da matar ga?"

Mu kuwa sai ihu. Wani ya ce kura ta cinye ta, wani ya ce a kore ta daga gari. Ni na fi kowa zafi, don ni ce mai zuwa makarantar allo da ta boko, kuma an koya mana hukuncin mai cin amana. Na kan miƙe tsaye in ce, "Kaka, munafuka ce! Ga cin amana ga ƙarya. Wuta za ta!"

Sai ta ce, "Hakanan kunka yanke? To, na jiya." Ta raba mana gyaɗa, ta ce kowa ya nufi shimfiɗarsa.

Ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare. A iya sanina ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, don ni nake karanta mata katin asibiti.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Bodinga, ina da 'ya'ya huɗu. Abin da ya rage mini na nishaɗi shi ne karatu. Mu tara ne muka haɗa 'yar ƙungiya, malamai da ma'aikatan lafiya da wani tela, muna taruwa ranar Asabar ta ƙarshen wata bayan la'asar a barandar wani aji. Ƙa'idarmu mai sauƙi ce: ka faɗi abin da kake karantawa, ka faɗi wanda ya kamata ya karanta shi, da wanda za ka hana.

Ran da abin ya faru, Maryam, wata nas da aka turo mana daga Sakkwato, ita ta fara. Ta ce tana kan labarin wani direban babbar mota da ya makance, kuma ta hana duk mai hawan jini taɓa shi. Tela ya kawo littafin kiwon kaji, aka yi ta yi masa tsiya wai wannan ba nishaɗi ba ne, neman abinci ne. Ni na yaba wani littafin tarihin rijiyoyi da na aro, na amsa cewa rabinsa gyangyaɗi ya sa ni.

Daga nan sai Malam Umaru, dattijonmu, tsohon shugaban makaranta da ke zuwa daga Shagari a kan babur. Ya zaro wani abu daga leda, takardu ne da aka buga da tafireta aka ɗinke da zare, gefensu duk ya ci.

Ya ce, "Nawa ba a kasuwa shike ba. Yayata, Allah shi jiƙanta, ta koyar da mata yaƙi da jahilci a ƙauyukanmu. In sunka iya rubutu sai ta sa kowace ta rubuta labari guda, ita kuma ta buga. Cikin akwatinta na ishe shi. Na karanta littattafai da dama bana, ba wanda yat taɓa ni kamar wanga. Matan Lambara na ciki, da na Mandera. Malama Rabi, ke da kike Dandin Mahe, ga na garinku, karanta muna."

Na karɓa ina murmushi. Layin farko na karanta da ƙarfi, na biyu ma haka. A na uku na ga tulu da laka. Na ce musu, "Kai, na san wannan! Gatanar kakata ce." Har daɗi na ji, na ci gaba da sauri kamar mai haɗuwa da tsohuwar ƙawa. Ga yunwa, ga ƙaramar da ta rasu, sai dai a nan an faɗi sunanta, Hassi. Na ɗan yi turus, don na san Babana ya taɓa yin ƙanwa mai wannan suna. Na dai ci gaba har inda Kaka take tsayawa ta yi mana tambaya.

A takardar babu tambaya. Ga abin da ke wurin:

"Malama ta ce mu rubuta tatsuniya. Wannan ba tatsuniya ba ce. Matar nan ni ce. Ba gara ta ci ba, ni na ɗiba. Ban san inda suke ba balle in nemi gafara."

A ƙasa an buga: Ige, Dandin Mahe.

Ban san lokacin da na daina karantawa da ƙarfi ba. Maryam ta karɓi takardun daga hannuna ta duba, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi." Malam Umaru ya rikice, ya cire hula ya mayar, yana cewa, "Malama, wallahi ban sani ba. Da na san taku ta, da ban kawo ta cikin mutane ba."

Na ce masa ba komai. Abin da ke yawo a kaina muryata ce ina 'yar shekara tara, a tsaye gaban tsohuwar nan, ina yanke mata wuta. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ita kuma ta ɗebo gyaɗa ta zuba mini a tafi.

Washegari na ari takardun, na hau mota zuwa Dandin Mahe. Na tarar da Baba a zaure yana gyaran igiyar guga. Bayan mun gaisa na miƙa masa takardun, ya ce in karanta masa, idonsa ba ya gani sosai. Na karanta har ƙarshe. Bai ɗago ba.

Na ce, "Baba, kun san da wannan?"

Ya ce, "Ni na sha kunun, ƙaƙa ba ni sani? Ni da Goggonki. Shekarata goma."

"Kuma ta iya rubutu?"

"Ta iya. Idanu ne sunka raunana kahin ki yi wayo."

Na tambaye shi me ya sa bai taɓa hana mu zaginta ba. Ya ce ya taɓa yi mata magana, ta ce ya bar yara su faɗi gaskiyarsu, manya kunya ke hana su. Ya ajiye igiyar, sa'an nan ya ce akwai abin da ba ta rubuta ba, shi kuwa yana tsaye a wurin.

"Da Inna tac ce gara ta, matar ba ta ko leƙa tulun ba. Mu tad duba, ni da Goggonki, tun daga kai har ƙasa. Ta aza hannu bisa kaina tac ce, 'Ashe garar ta yi kyawun gani. Allah shi raya ta.' Ta ɗauki tulunta ta hita."

Na ce, "Ke nan ta gane?"

"Ta gane sarai. Ita ma Inna ta san ta gane. Shi ne abin da bai bar ta ba har ta koma ga Allah. Da zaginta anka yi, da ta samu sauƙi."

Na daɗe ina juya maganar nan. Ina yarinya na ɗauka darasin labarin shi ne kada ka ci amana, kada ka yi ƙarya, kuma har yau ban ce ba haka ba ne. Kaka ma ba ta taɓa wanke kanta ba. Amma yanzu da na haifa, na san abin da ake nufi da kwana biyu bayan binne 'ya, ga wasu biyu suna kallonka, ga abinci a ƙarƙashin gado. Ban san abin da zan yi ba da ni ce. Abin da na sani, da ba ta fasa lakar nan ba, da babu Baba, da babu ni. Wasu mutane da ban san ko sunan garin da suka koma ba, su suka rasa damina guda da gidansu domin in rayu.

Da wata ya zagayo muka sake taruwa, Malam Umaru ya ce ya bar mini takardun, nawa ne. Na ce a'a, su ci gaba da zagayawa kamar kowane littafi, akwai labaran mata goma sha ɗaya a ciki bayan na Kaka, kuma kowace don a karanta ta rubuta. Maryam ta ce to ai ban cika ƙa'ida ba, ban faɗi wanda zan hana ba.

Na ce, "Ba na hana kowa. Sai dai duk wanda zai karanta, ya ci abinci tukuna, ya tuna cewa a ƙoshe yake."