Giyar Hawa Tudu

Ni dai ban taɓa sha'awar keke ba sai da likita ya tsorata ni. Shekarar da na ajiye aikin koyarwa na dawo gida Gwarzo, ya auna jinina, ya dubi tumbina, ya ce in ina son ganin auren jikoki sai na motsa jiki. Shi ne na je Kano na sayo keke na gwanjo, siririn nan mai lanƙwasasshen kai, mai giya ashirin da ɗaya. Har da hular kwano na haɗo, wai ni ɗan tsere.

Kullum in gari ya waye sai in hau. Yau in nufi wajen Madadi, gobe in miƙe hanyar Kabo, ranar da na ji ƙarfi in leƙa har Gude. Wanda ya saba bin hanyoyin nan a mota zai rantse maka a shimfiɗe suke. Ƙarya ne, ya hau keke ya ji. Akwai wani tudu kafin a shiga wani ɗan daji mai ɗorawa da kaɗanya, ido ba ya ganinsa sosai, cinya ce ke ba da labarinsa. In ka haye kuwa sai gangara, ga sanyin damina, ga gero da dawa dama da hagu, ga ƙanshin ƙasar da ta sha ruwa. Wallahi daɗi nake ji har cikin raina. Manoma kan ɗago daga kunya su tambaye ni ina zuwa, in ce ba ko'ina. Sai su dubi keken, babu kariyar ɗora kaya, babu buhu, su dube ni da furfurata, su ce Allah ya sawwaƙe.

A kan tudun nan taubashina ya riske ni wata safiya. Ɗan ƙanin mahaifiyata ne, sa'ana, manomi, kuma tun muna yara bakinsa bai taɓa barina na huta ba. Yana kan tsohon baƙin kekensa da buhun taki a baya, ni ina haki. Ya tambaye ni yaya mai tumbi irina yake haye wannan wuri. Ni kuma da son burgewa na buga ƙirji na ce masa ai sirrin a giya yake, in ba da giya ba ko rabinsa ba zan kai ba. Ya yi dariya har kekensa ya yi tangal-tangal, ya wuce.

Ashe daga nan gidanmu ya yi, wajen Inna. Bayan sun gaisa sai ya ce mata, “Gwaggo, ɗan naki fa ya faɗa mini da bakinsa, ba ya iya hawa tudu sai da giya. Har ashirin da ɗaya gare shi.” Ya sha kununsa ya tashi, yana ganin ya yi abin dariya.

To, gidanmu gidan malamai ne. Baba, Allah ya jiƙansa, a zauren nan ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa. Inna ta haura tamanin, kunnenta ya yi nauyi, kuma a duniyarta giya ɗaya ce tak, wadda ake sha a fita hayyaci. Ga shi ni ne ɗan fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, in tana da magana sai ta bi ta bakin wani. Abu ɗaya ne take faɗa mini kai tsaye. In na durƙusa a ƙofar ɗakinta da safe na gaishe ta, sai ta kau da kai ta ce Allah ya yi albarka. Da wannan kalma na yi karatu, da ita na yi aure, da ita na yi aiki na gama lafiya.

Washegari na durƙusa na gaishe ta, ta ce lafiya lau, ba ta sa mini albarkar ba. Na jira, ban ji komai ba. Na ce ko ba ta jin daɗi ne. Washegari ma haka. Aka yi mako, aka yi wata.

Ban san hawa ba ban san sauka ba, amma hankalina ya tashi ƙwarai. Na bincike kaina kaf ban ga laifin da na yi ba. Na kai zuma, na kai goro, na sa matata ta dafa mata zabuwa. Ta karɓa ta ce an gode, shi ke nan. Tambayarta kuwa ba ta taso ba, ɗan fari ba ya tsare uwarsa da tambaya. Sai ga ƙanwata ta fara kawo mini rubutu a ƙwarya, wai Inna ta ce maganin ciwon ƙafa ne. Na shanye, ina ta murna an tuna da ni. Sannan na lura tsohuwa ta ɗauki azumin Litinin da Alhamis, ga ta dama ba jiki ba, har wuyanta ya zurma.

Yanzu in na tuna yadda nake zuwa gaisuwar nan, dariya nake yi, in kuma ji kunya. Daga kan keke kai tsaye nake shiga, ido jajur saboda iska, gumi sharkaf, in zo durƙusawa ƙafa na rawa har sai na dafa bango. Ga kuma gora ɗaure a jikin keken, ina kurɓa a tsakar gida. Ko alƙali aka kai wa wannan shaida ai ya gama shari'a.

Ƙanwata ce ta gaji. Ranar wata Alhamis ta tare ni a zaure tana hawaye, ta ce in ji tsoron Allah in dubi gidan da na fito, in ba don kaina ba ko don tsohuwar nan da ke kashe kanta da azumi. Da ƙyar na gane inda maganar ta dosa. Da na gane, sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ban ko cire hular kwano ba na tafi gonar taubashina. Na wanke shi tas. Ya yar da fartanya ya biyo ni, yana ta salati a hanya.

Muka shigo da keken har ƙofar ɗakin Inna muka kifa shi, tayoyi a sama. Taubashina ya tsuguna yana juya feda da hannu, yana ɗaga murya yana nuna mata faifan ƙarfen nan masu haƙora, yadda sarƙa ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Ya rantse mata da Allah wannan ita ce giyar, irin ta mota, ba wata ba. Inna ta miƙo hannu ta shafa haƙoran, baƙin mai ya ɓata mata yatsu, ta kai hanci ta sansana. Ta sa aka kwance gorar, ta zuba a tafin hannunta, ta sansana shi ma. Ruwan randarmu ne.

Ta goge hannunta a zane. Can sai ta dubi taubashina ta ce, “Kai dai ɗan nema ne, kamar ubanka. Wata biyu ina roƙon Allah da bakin azumi ya raba shi da ita. Yanzu addu'ar tawa ina za ta?” Sannan ta kau da kai wajen bango, ta ce mini Allah ya yi albarka. Ni da furfurata, a gaban ƙanwata da wannan ja'irin, na kasa riƙe hawaye.

Ba a rufa mako ba, ina tsakiyar tudun nan, na ji ƙaras. Abin canza giyar ya karye, sarƙa ta zube. Na turo keken har gari. Mai gyara ya ce sai an sayo wani daga Kano, ya rage sarƙar ya ɗora ta a kan faifai ɗaya don in lallaɓa kafin nan. Taubashina da ya ji labari har gida ya zo yi mini jaje, yana dariya yana cewa addu'ar Gwaggo ba ta faɗuwa ƙasa banza. Aka gaya wa Inna, aka ce ta rufe baki da mayafi ta yi ta dariya.

Na ce zan sayo in na shiga Kano, yau da gobe ban sayo ba. Bayan kaka Inna ta kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abarsa.

Har yau ina hawa keken, a kan faifan nan guda. In na iso tudun sai in sauka in tura, masu babur na wucewa suna yi mini sannu. Na shiga Kano ya fi a ƙirga tun daga lokacin, na san shagon, na san layin. Mai gyara ya gaji da tuna mini. Da bakin azumi ta roƙa a raba ni da giya, aka kuma amsa mata. Ba ni ne zan mayar da ita ba.