Saƙar ƙarshe ta Malam Buba

Jiya ina share ɗakin kakata Inna a Ɗanzomo, sai na tsinci wani ɗan katako mai santsi. Har na ɗaga zan jefa shi murhu.

"Kul! Ajiye min," in ji ta. "Ƙoshiyar saƙar kakana ce, Malam Buba masaƙi."

Ta ce a zamaninsa ba a kai amarya a yankin nan sai da zanensa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, akoko, yadin Turawa, ya cika kasuwar Gumel, ga laushi ga araha. Malam Buba ya riƙa kai kaya a jaki yana komowa da abinsa. Abokan sana'arsa duk suka koma noman gyaɗa.

Wata rana matarsa ta tarar da shi ya sake ɗaura zare.

"Malam, wa kuma zai saya?"

"Wannan ba na sayarwa ba ne, likkafanina ne. Sun raba ni da kasuwa, amma ba za su raka ni kabari ba."

Da shi kuwa aka yi masa sutura.

Na dubi rigar jikina, 'yar China ce.

Jama'a, ku a gidanku wace sana'a ce ta mutu haka?