Ɗakin Mama da Bokitan Matattu

Likita bai ɓoye mana komai ba, ni da yayana, kuma a gaban Mama ya faɗa: zuciyarta ta gaji, magani zai rage mata wahala amma ba zai warkar da ita ba. Ya tambaye ta me take so a yi in numfashi ya ƙi. Mama ba ta yi wata-wata ba. Kada a zura mata roba a maƙogwaro, kada a danna mata ƙirji, a mayar da ita ɗakinta a Unguwar Boro.

Yayana, wanda ya zo daga Abuja yana ƙamshin turare, ya fara kawo ƙabli da ba'adi. Mama ta dube shi ta ce, "Ni na haife ka, ko kai ka haife ni?" Sai dai likita ya ce ba za ta iya kwanciya a miƙe ba, dole a samo gadon asibiti mai ɗaga kai, da tukunyar oksijin a gefe. Coci ta ara mana gadon. Yayana ya ce in gadon ya shiga ɗakin ya yarda, in bai shiga ba Mama tana asibiti. Ya san ɗakin sarai, shi ya sa ya faɗi haka.

Ciki da falo ne a gidan haya. Tun da Mama ta bar aikin masaƙa ba ta taɓa fashin biki ko jana'iza ba, daga Kamazou har Kudenda, kuma a wajenmu ba a barin mutum ya tafi hannu rabbana. Bokiti, kula, baho, faranti, kofi, kowanne da hoton amarya da ango ko na mamaci manne a jiki. Sun hau kan juna har silin, ciki da falon duka. Wata 'yar siririyar hanya ce daga ƙofa zuwa katifarta, a karkace ake bin ta.

Na ce a kira 'yan gwangwan su kwashe. Saura kaɗan Mama ta tsinke ƙarin ruwan da ke hannunta.

"Dattijon cocinmu za ki ɗora a sikeli? Matar fasto za ki kai bola?"

Tsakar gida kuma damina ce, ba za a bar matattu ruwa yana dukansu ba. Mijina ya ce ranar da na shigo masa da su, shi zai koma kwana a shago. Hukuncin Mama shi ne a raba wa mutanen unguwa, hannu da hannu, a ce daga ita.

Na ɗaura ɗamara na bi gida-gida. Wata gwauruwa na miƙa mata bokiti ban duba ba, ashe marigayi mijinta ne a jiki. Ta ce tana da shi har a banɗaki, in kai wa wanda bai gaji da ganinsa ba. Duk da haka kafin yamma na ga ƙasan falo, har na yi wa yayana waya ina cika baki.

Washegari sai ga maƙwabciyarmu 'yar Binuwai da bahon da na ba ta, cike da doya. Ta ce ita ba za ta ci kayan Mama tana da rai ba, in ajiye mata, za ta tashi cikin sunan Yesu. Na ce Amin, yo me zan ce? Bayanta wata ta dawo da tire, ta haɗo da citta a wani kwano nata. Kan ka ce kwabo labari ya zaga cewa Mama tana rabon kaya, matan zumuntar cocinmu suka fara sintiri da kulolin gwate da kunu. Mara lafiyar tana asibiti, ko gishiri an hana ta, ni kaɗai nake ci har na fara ƙiba. In na wanke kula na mayar, sai mai ita ta ja da baya kamar na miƙa mata wuta.

"Haba 'yata! Bar ta can. Ita da kanta za ta kawo mini in ta tashi."

Tabɗi! Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ƙasan falon da na gani ya sake ɓacewa, hanyar nan ma ta toshe. Gadon coci yana jingine a baranda an lulluɓe shi da leda, kazar da wata ta kawo tukwici ta mayar da ƙarƙashinsa gidanta. Yayana yakan kira ya ce, "Ya aka ji da aiki?" Ina jin murmushinsa ta waya, raina yana ɓaci.

Mama kuwa ƙafafunta sai ƙara kumburi suke. Ta daina tambayar wa aka ba me. In na je asibiti sai ta ce, "Gadon ya shiga?" In ce saura kaɗan. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga za ta mutu a gefen labulen asibiti saboda alherin mutane.

Ranar Lahadi bayan sujada matan zumunta suka zo gaba ɗaya cikin anko, uwar zumunta a gaba, ɗauke da sabon flas. Ganin flas ɗin nan kaina ya yi zafi. Na tare ƙofa na ce, "Mama ba za ta tashi ba! Likita ya faɗa, ita ma ta sani. Mutuwa take so ta zo ta yi a ɗakinta, kun cika shi da kuloli!" Sai kuka ya ƙwace mini, na zauna a kan wani marigayi.

Ba a faɗin irin wannan magana a wajenmu, na ɗauka za su hau ni da addu'a. Uwar zumunta ta ajiye flas ɗin, ta share ido da bakin zani.

"Ke ma da zurfin ciki. Mun zaci in mun karɓa, mun sallama ta ke nan."

Ta kwance ɗankwali ta yi gammo. Ba wadda ta zaɓa, kowa ta ɗora abin da hannunta ya kai gare shi. Suka fita a jere suna waƙa, har masu keke napep suna tsayawa su tambayi ina gidan amaryar. Gwauruwar nan ta tafi da mijinta a ka, ba ta ce uffan ba.

Yayana da kansa ya kama ƙafar gadon muka shigar. Da aka kawo Mama aka ɗaga mata kai, ta daɗe tana bin bango da kallo. Ta ce, "Ashe fentin shuɗi ne." Sannan ta nemi ruwa. Na duba ko'ina, ko kofi ɗaya matan nan ba su bari ba. Na yunƙura zan je aro, ta riƙe mini zani.

"Zauna. Kina fita za su biyo ki da dozin."

Na zuba a tafin hannuna ta kurɓa. Daga baya yayana ya sayo kofi, ta ƙi shi. A hannuna ta ci gaba da sha har safiyar da ta daina jin ƙishi, a ɗakinta, taga a buɗe.