Abarci Ba Ya Kwana Inda Ba Mai Masauki

Abarci taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ɗina ne, ba mai kai ni ƙara. Takardar haihuwarsa, wadda aka yi da ƙiyasi, ta ce shekararsa saba'in da ɗaya. Shi ya ce ƙarya take yi. Dogo ne siriri, da taurin kai irin na jakin da ya ga rijiya. Gidansa na kallon nawa a nan Dakoro, bayan kasuwar dabbobi. Ni Kadija, shekara talatin na yi ina koyarwa a lakkol kafin in ajiye alli, shi ya sa yake kirana Madam, ba don girmamawa ba, don tsokana kawai.

Korar shanu ce sana'arsa tun yana saurayi. Fatake su sayi garke a kasuwarmu su danƙa masa, ya bi burtali da su a ƙasa har kudu, ya tsallaka iyaka, wani lokaci kwana ashirin yana tafe. Abin da ya fitar da sunansa shi ne bai taɓa ɗaga ƙafa ba sai ya san zangonsa duka. Zai tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi da yatsa, ya dasa tsakuwa a kowane zango. Kowace tsakuwa sai ta amsa tambaya uku: ina rijiya, ina ciyawa, wane ne mai masauki. Ruwa da ciyawa, in ji shi, na dabba ne. Mai masauki na mutum. Ya san sunan kowanensu da sunan ubansa, kuma ba ya zuwa musu hannu rabbana, ko da cuku biyu ne ko ɗaurin kanwa. Da kamyo, manyan motocin nan, suka ƙwace aikin, sai ya koma zama a kasuwa yana duba wa masu saye haƙoran shanu.

Autarsa Rahinatu ita ce ta yi nisa. Uwarta Baraka ta rasu tana ƙarama, ni na riƙa yi mata kitso, ni na koya mata baƙi. Yarinya ce mai kai. Ta yi karatun jinya a Yamai, ta samu burs, tallafin karatu, ta tafi Italiya, aiki ya riƙe ta a wani gari kusa da Nafoli. Shekara tara ke nan. A can ta haɗu da Hamid, ɗan Tawa, direban babbar mota, aka ɗaura auren a nan su suna can. Ƴarsu Aisata ta shekara biyu, kakanta bai san ta ba sai a fuskar waya.

Bayan ƙaramar salla Rahinatu ta kira ni. Ta ce, "Gwaggo, na samu konje, hutun mako ɗaya, takardun Baba kuma sun kusa fitowa. So nake ya zo in zaga da shi, ya ci, ya ga teku, ya ga abin da magabata suka gina. Ya sha wahala a kaina, ko sau ɗaya ya huta."

Ta aiko da tsarin tafiyar da Faransanci. Na kwafe a kaye, littafin rubutuna, na ɗauki tabarma na tsallaka, na same shi a gindin bedin ƙofar gidansa yana tufka igiya.

Kwana biyu na farko a Roma, su ga wani ƙaton filin wasa na dutse da ya kusa shekara dubu biyu, rabinsa ya zube. Abarci ya ce, "Kango? Kango za a kai ni gani? Su zo in kai su Bader Goula, akwai na kakanmu." Na ce ya rufe baki in gama. Kwana na uku su hau jirgin ƙasa zuwa Nafoli, inda ta ce nan abinci yake: taliya iri-iri, da wani faffaɗan burodi mai tumatir da cuku da ake gasawa a murhun itace. Ya ce taliyar da ke shagon Mahamman ita zai hau jirgin sama ya je ci? Kwana na huɗu wani gari da dutse ya yi amai toka ta binne shi, aka tono shi da titunansa da murhunsa. Nan ya ce Allah ya raba mu da mummunan ƙarshe. Sauran kwana ukun a bakin teku, ƙauyuka ne maƙale a jikin dutse, da lambunan lemun tsami, da kifin da aka kamo da safe, har da shiga kwalekwale.

Teku ce ta kama shi. Duk yawonsa bai taɓa kaiwa gare ta ba. Ya ajiye igiyar, ya ce in sake karanta wurin. Na ga farin ciki a fuskarsa ƙarara, ko da yake in ka yanka shi ba zai amsa ba. Sai ya share ƙasa, ya ja layinsa, ya jera tsakuwa bakwai. Ya ɗora yatsa a kan ta farko.

"To Madam, zangon farko. Gidan wa?"

"Otal ne."

"Na ji. Gidan wa?"

"Kai tsohon nan! Otal na ce. Ɗaki ne, a ba ka makulli, ka kwana, ka tashi."

"Wa zai ce min sannu da zuwa? Wa zan tambaya ina gabas? In na faɗi a can, wa zai ce wannan baƙona ne?"

Na bi sauran shidan, duk otal. Ya tattara tsakuwarsa ya watsar, ya ɗauki igiya ya ci gaba da tufka. Ya ce in faɗa wa ƴar tawa, shi Abarci bai taɓa kwana inda ba shi da mai masauki ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ta nemo mutum a kowane zango, mai suna, mai gida. Shekara tara a ƙasa ai ta isa a san gida bakwai.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce masa ƴarsa ta yi shekara tana tanadin wannan makon, shi yana nan yana mulki kamar madugu. Ko a jikinsa. Washegari ma sai na gan shi wajen baduku yana sa a ɗinka masa matasan fata guda bakwai na tsarabar masu masauki, tunda Rahinatu ta riga ta gaya mana ba a shiga ƙasar da cuku ko kilishi. Ashe shi a ransa tafiya na nan daram, sunaye kawai yake jira.

Na kira Rahinatu na gaya mata. Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi min daɗi ba. Bayan kwana uku ta aiko da sunaye, kowane zango da nasa. Na kai masa ina murna. Ya sa na karanta na farko sau biyu, ya gwada shi a bakinsa har ya zauna. Sannan ya fara: ɗan wane ne? Me yake yi? Iyalinsa nawa? Yaya aka yi suka san juna da Rahinatu? Na ce ban sani ba. Ya ce to a kira ta, ta haɗa shi da mutumin su gaisa, ita ta yi tafinta, don ba a sauka gidan mutum ba a aika masa gaisuwa ba.

Da la'asar muka kira, lokacin ta taso daga aiki. Na jingina wayar a jikin buta, muka zauna a gabanta. Ga ta nan da Aisata a cinya, bayanta taga a rufe. Suka gaisa, ya yi wa jikarsa wasa yana ce mata amaryata. Sai ya kawo maganar.

Rahinatu ta fara kame-kame. Ta ce mutumin ba ya nan, ta ce ba al'adarsu ba ce. Ya ce to na biyun. Can ta ce, "Baba, ka yafe min. Sunayen masu otal ɗin ne, a takarda na gani. Ban san ko ɗaya ba."

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ba komai. Nesa ne wuraren. A bar su. A garin da kike fa? Maƙwabta, abokan aiki. In akwai uku ma sun isa, mu riƙa fita muna dawowa."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce a benen da suke gida goma sha biyu ne, ana haɗuwa a matakala a ce barka, shi ke nan. Ba ta taɓa shiga ɗakin kowa ba, ba wanda ya taɓa shiga nata. Ba wai mugaye ba ne, ta ce, kowa na sha'aninsa, ita ma daga aiki sai gida, kuma kunya take ji ta ƙwanƙwasa ƙofar mutum ba dalili. Hamid kuwa kwana biyar a mako yana kan hanya.

Abarci ya matso kusa da wayar. Abin da ya tambaya daga nan ba tambayar uba ba ce a wurinmu, ta mata ce, amma ya yi ta.

"Da kika haihu, wa ya dafa miki ruwan wanka?"

Ni na san amsar da ta ba mu a lokacin. Ce mana ta yi maƙwabta na ta hidima da ita, kada mu damu. Yanzu sai ta ce, "Ni na dafa, Baba." Ta ce Hamid na Jamus da kaya ranar da aka sallame ta, ta ɗauki taksi ta dawo da jaririya, ta hau bene na uku tana hutawa a kowane hawa. Kwana arba'in ɗin nan ita ta yi wa kanta komai. Tana faɗa tana murmushi don kada mu ji zafi, hawaye na zuba. Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba. Yarinyar da na goya!

Ya ce mata Allah ya yi mata albarka, ta je ta ba yarinya abinci, gobe za ta ji saƙo. Na kashe wayar. Muna nan zaune aka fara kiran magariba. Na ɗauka cewa zai yi tafiya ta fasa, har na shirya abin da zan zazzaga masa.

Sai ya ce, "Madam, buɗe kayenki. Sabon shafi."

Ya ce in rubuta: kango, kwana ɗaya ya isa. Teku kwana ɗaya, ya gan ta ya yi alwala ya dawo. Garin toka a bar shi sai wani jiƙon. Sauran kwana biyar a gidan Rahinatu. Ta dafa shinkafa da miya irin tamu, shi zai ɗauki jikarsa a kafaɗa, su bi ƙofofin nan goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, ya gaishe su, ya faɗa musu sunansa da sunan ubansa, ya ce ga ƴarsa nan amana. Wanda ya rufe ƙofa, a wuce ta gaba. Ta kuma nemo masa limamin garin, da matar da ta fi shekaru a wurin aikinta. Ya ce in koma wajen baduku in ce ya ƙara matasai.

Na ce, "Da wane bakin za ka yi musu magana? Ko barka ba ka iya ba."

Ya ce ya yi ciniki da Bayarabe, ya kwana gidan Banufe, ba wanda ya ji bakin wani, kuma ba a taɓa korar mai sallama da tsaraba ba. Na ce yarinya ta so ka huta, ka mai da mata konje aikin gayya. Ya ce ta huta bayan ya dawo.

Na gama rubutu na miƙe ina naɗe tabarma. Bai tashi zuwa masallaci ba, abin da ban taɓa gani ba. Na ce lafiya? Muryarsa ta sauka har sai da na matso.

"Kadija," ya ce, ba Madam ba, "shekara arba'in ban taɓa tura ko maraƙi zangon da ban san mai masaukinsa ba. Ranar da yarinyar nan za ta tafi, ni na kai ta tasha. Na tambayi kuɗin mota, na tambayi ko ta ci abinci. Ban tambayi gidan wa za ta sauka ba."