Shekarun Baba a Sunan Wani

Ran Asabar ina kwashe kaya a ɗakin Mama na ci karo da tsohuwar rigar aikin Baba. Shuɗiya ce, ta koɗe, amma har yau warin fenti da garin katako bai bar ta ba. Na daɗe a tsaye da ita a hannu.

A jikin rigar nan na fara haɗa baƙi. Ina 'yar shekara biyar, muna haya a East Greensboro, in Baba ya dawo daga kamfanin kujeru sai in haye cinyarsa ina bin sunan da aka ɗinka a aljihun da yatsa. Ranar da na iya karanta shi na ce, "Baba, ai wannan ba sunanka ba ne." Mama ta daka min tsawa daga kicin. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce sunan aiki ne.

Sunan Alhaji ne, ɗan garinsu, wanda ya ɗauko shi daga filin jirgi ya ba shi katifa a falonsa. Baba ba shi da takardar aiki, sai Alhaji ya ara masa sunansa da lambarsa ta soshiyal, wadda da ita gwamnati ke rubuta wa kowa shekarun aikinsa. Ba a yi rubutu ba, ba a kira shaida ba. A wurinsu abin kunya ne ma a tambayi inda maganar za ta ƙare.

Shekara goma sha shida Baba yana fita da asuba. Ina tuna shi lokacin sanyi, yana kankare ƙanƙara daga gilashin mota da murfin kaset, yatsunsa duk sun tsage. Duk albashi ana yankar na fansho da na inshorar lafiyar tsofaffi, kuma duk sunan Alhaji yake shiga. Kowace Sallah sai an kwashe mu zuwa gidansa a Pleasant Garden, Mama da kular waina, mu durƙusa mu yi godiya. Ban san godiyar me muke yi ba, amma na iya ta.

Sai da na cika ashirin da ɗaya, da yake a nan aka haife ni, doka ta ba ni damar samar wa Baba takardar zama, lokacin ciwon baya ya riga ya ci ƙarfinsa. Shekara huɗu ya iya yi da sunansa, doka kuma goma take so kafin a ba mutum fansho da inshorar tsofaffi.

Yanzu ni ke aiki. Duk sati biyu ana yanka a albashina don a riƙe tsofaffin ƙasar nan, ana kuma gaya mana wai kafin mu tsufa asusun ya yi ƙasa. Ban ƙi a riƙe tsofaffi ba. Abin da ke ci min rai, ina biya wa Alhaji ta hannun gwamnati, in dawo gida in biya wa Baba daga aljihuna, aljihun kuma bai kai kuɗin aikin ido ba. Farar yana ce ta rufe wa Baba ido biyu. Na roƙe shi ya bari in kai tsofaffin takardun albashinsa ofis a gyara. Ya ce, "In tona asirin wanda ya rufa min nawa? Kar in sake ji." Su sun yi zamaninsu a kan amana, mu aka bar wa biyanta.

Watan jiya Alhaji ya zo dubiya. An yi masa nasa aikin idon, yana karanta addu'a daga waya ko tabarau babu. Da ya shafa, ya dube ni ya ce, "'Yata, ki riƙe mahaifinki da kyau. Yaran yanzu sai kukan haraji, sun manta mu muka sha wahalar."

Na ce, "To, Alhaji." Haka aka rene ni, kuma ban taɓa jin haushin tarbiyyata irin na ranar ba.

Da zai tafi, Baba ya miƙe da murmushi don su yi musabaha, sai ya miƙa hannu wajen ƙofar kicin. Ni na kama hannun, na juyo da shi, na sa a cikin na Alhaji.