Ruwan Wankan Jego

Ƙanwar mahaifina, wadda muke kira Anti, ta yi shekaru tana dafa burukutu a bayan gidanta a Fadan Kagoma. A wurinmu mai sayarwa ba ta miƙa ƙoƙo sai ta fara kurɓa, don mai saye ya san ba a sa masa komai ba. Kurɓa ɗaya ce, amma a ranar kasuwa ƙoƙo nawa ke wucewa ta hannunta? Ita dai cewa take ba ta sha, mijinta ne mashayi.

Lahadi ɗaya suka tashi a coci su biyu suka ce sun bari. Mijin ya yi kwanaki yana rawar jiki da gumi, bayan 'yan watanni ya koma gonar citta kamar wanda ya dawo daga tafiya. Anti ma jikinta ya dawo, har ta yi ƙiba. Sai dai wani abu ya tsaya a hanya. Tana tuna waƙoƙin yarintarta duka, amma abin da ya faru da safe ba ya kaiwa azahar. Likita a Kafanchan ya ce giya ta taɓa wurin ajiyar sabon abu a ƙwaƙwalwa, kuma jikin mace kan ji ta da wuri fiye da na namiji. Ya ce wani abu zai iya dawowa a hankali, wani kuwa ba shi da tabbas.

Da 'yarta ta haihu a Kagarko, Anti ta dage ita za ta yi wankan jego. Jikarta ta fari ce. Aka ce in raka ta, ina hutun makaranta.

Kwana biyu komai lafiya. Hannunta bai manta komai ba: yadda ake gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, yadda ake riƙe wuyan jaririya. A rana ta uku ta yi mata wanka da safe, ta shafa mai, ta kwantar. Na fita shanya. Da na dawo na tarar da tukunya a wuta, jaririyar tsirara a cinyar Anti.

"Anti, ai kin yi mata."

"Wa? Ni? Tun jiya yarinyar nan ba ta ga ruwa ba."

Na nuna mata tawul, da danshinsa. Ta dube shi, ta yi murmushi.

"Matan zumuntar coci ne suka zo, su biyar. Ɗaya ta goge fuska da shi. Ba ki gaishe su ba ma, kin yi girman kai da bokonki."

Babu wanda ya shigo gidan. Ƙofar a kulle take, makullin yana ɗaure a zanena. Amma ta faɗi launin ɗankwalinsu, ta nuna bencin da suka zauna, cikin natsuwa, har na juya na dubi bencin.

Da la'asar 'yarta ta farka ta same ta tana sauke ruwa karo na uku. Tururi ya cika ɗakin. Ba ta yi faɗa ba, ta karɓi jaririyar kawai ta rungume.

"Mama, Baba yana nemanki a gida."

Washegari muka shiga mota. Anti ta zauna gefen taga, ta naɗe hannuwa a cinya. Mun yi nisa, duwatsu sun fara bayyana, sai ta taɓa ni.

"Ɗiyata, daga ina muke?"

"Daga Kagarko, Anti."

"Yauwa. Yayarki fa ta kusa sauka. Ki tuna mini, ni zan je wankan."

Na ce mata to.