Molon 'Yar Sin a Siton Khumra

Ban taɓa mantawa da ranar da aka so a ɗora mini laifin molon 'yar Sin ba. Lokacin ina aiki a wani siton kaya a unguwar Khumra, a Jidda. Ƙa'idarmu, in kwali ya iso a jiƙe, mace ɗaya ke buɗewa ta sake masa sabo, mushrif, wato mai duba ma'aikata, ya tabbatar. Abin da ya lalace a hannunki, laifin naki ne.

Wata safiya bayan Babbar Salla aka turo mini dogon kwali kamar makara. Na buɗe, sai ga katako mai sheƙi, da tsirkiya ashirin da ɗaya kwance shame-shame a kansa, ba mai ƙara. A gefe ga jaka cike da 'yan guntayen itace masu ƙafa biyu.

Mushrif ɗinmu, Usama, Bahaushe ne haihuwar Jidda. Ya leƙo ya dafe kai.

"Inna Asabe, kin karya! Halas, shi ke nan, in kafili ubangidanmu ya ji, sai Kano."

Na ce, "Kai yaro, na karya kuma na ɗinka wa guntayen jaka?"

Ya jujjuya guntayen, bai gane ba. Ni ma kuwa ban gane ba. Molo na sani, garaya na sani, amma wannan ba wuya ba ƙoƙo. Usama ya kira kafinta ya ce yalla, maza a manne guntayen da gam kafin mai kaya ta zo. Kafinta ya tambaya a ina za a manna, ba wanda ya sani. Na haye kan murfin kwalin na zauna. Na ce gam ba zai taɓa shi ba, don mannewa amsa laifi ce, ni kuwa ban yi ba.

Muna cikin haka mai kayan ta iso daga unguwar Ruwais, 'yar Sin, siririya. Sai ta fito da filasta ta hau naɗe yatsunta. Usama ya raɗa mini, "Kin ga, har ta yanke."

Ashe farce na roba take ɗaurawa. Ta ɗaga tsirkiya ɗaya-ɗaya tana cusa guntayen a ƙasa, tana matsar da su tana saurare, har suka jeru a karkace kamar tsuntsaye a sama. Ta ja yatsa, sai ka ce ruwa ke gangarowa. Ta ce sunansa gujang, kuma haka ake aiko shi a kwance. Da ta hango gam a hannun kafinta, ta saki ƙara da yarensu.

Usama ya ce, "Dama na ce kada a taɓa."

Na dube shi kawai, na koma bakin aikina.

Ku da kuka shigo sabo, ku riƙe wannan: a sito, abin da ba ku gane ba, kada ku yarda a gyara shi a hannunku. Ku zauna a kai har mai shi ya zo.